Zuwa Adre Ɗauko Yaya Binta

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a bakin famfo, har a layin awo a asibiti, sai a tare ni: "Hadiza, wai da gaske har bakin Sudan kika je? Yaya can ɗin yake?" In na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara, sai in ce lafiya lau, alhali ba lafiya lau ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya.

Mu biyu ne a wurin Inna, ni da Yaya Binta. Ina ƙarama sosai ta auri wani tela ɗan Darki wanda danginsa suka daɗe da zama a Sudan, a wani gari da ake kira Junaina, ya tafi da ita. Abin da na sani nata bai wuce murya a waya ranar sallah ba. Da yaƙi ya tashi can, muryar ma ta ɗauke. Maigidana yana jigilar ɗaliban jami'a a adaidaita, kafin ya fita kullum rediyo na kunne, kullum kuma sai mu ji an ce ƙasashen duniya sun nuna damuwa kan yadda ake take haƙƙin mutane a can. Ina wanke-wanke ina cewa a raina, wannan damuwar a ina take zaune, wa ya taɓa ganinta da ido?

Sai wata rana baƙuwar lamba ta kira Kawu Sale, ƙanen Inna. Yaya ce. Ta ce an kashe mijinta, ita da 'yan mata biyu sun tsallako Chadi, suna sansanin gudun hijira a wani gari Adre. Kawu ya ce, "To Idrisu fa?" Idrisu shi ne babban ɗanta, ya fara zama saurayi. Ta ce, "Allah yana nan," sai wayar ta yanke. Duk muka ɗauka ya rasu. Aka yi masa addu'a tare da ubansa.

Inna tana Darki, hawan jini ya kwantar da ita, ƙafafu sun kumbura. Ta ce a je a taho da su tun tana gani. Kawu falken shanu ne a Kara, kasuwar shanu ta Wudil, ya san hanyar Chadi tun yana matashi, amma ya ce shi kaɗai ba zai iya ba. "In ta ƙi tasowa, ni namiji zan shiga ɗakin mai takaba in zauna lallashi? Sai da mace." Babu wata macen sai ni, ga shi ina goyon Walida, ko rarrafe ba ta gama iyawa ba. Da farko na ɗauka maigidana ba zai bari ba. Daga baya ya ce, "Da uwata ce ta roƙa, ba zan so a hana ta ba. Ki je." Babban yarona na kai shi wurin kakarsa ta wajen uba. Har muka haye gadar Wudil ina tunanin ko na faɗa mata ba ya shan koko in ba a tace ba.

Daga Wudil zuwa Maiduguri ba wani labari, sai zafi da shingayen jami'ai. Muka sauka gidan fatoman Kawu, wato mai masaukinsa na harkar shanu. Matarsa ta ba ni ɗaki mai ƙamshin turaren wuta har cikin tabarma, ta kawo burabusko da miyar kuɓewa. Ta dubi Walida ta ce, "Da wannan za ki bi hanyar Gamboru?" Ban ci rabin abincin ba.

Hanyar Gamboru, garin bakin iyakar Kamaru, ba a shigarta yadda aka ga dama. Sai motoci sun taru sun yi dogon layi, sojoji su shiga gaba, wasu a baya. A motarmu kowa ya yi tsit, mai carbi na ja. Muna wucewa ta ƙauyukan da ba kowa, bango a tsaye ba rufi, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta taɓa gwiwata ta nuna wata bishiyar tsamiya can nesa. Ta ce da Hausarta mai nauyi, "Nan ne garinmu. Can na haihu duka." Na ce, "Yanzu suna ina?" Ta juya tafin hannunta sama kawai, sai ta karɓi Walida ta riƙe min har muka isa. Ni da na fito neman yaƙi a Sudan, ashe tun ban bar ƙasarmu ba zan gan shi.

A gadar da ake tsallakawa Kamaru na sha kunya. Inna ta ƙulla wa Yaya tsaraba: kuka, yaji, da daddawa mai yawa daga kasuwar Darki, ta ce shekara da shekaru ba ta ɗanɗana ta gida ba. Zafin mota ya dafa daddawar nan. Wani mai kaki ya zuge jakata, ya ja da baya da sauri ya toshe hanci, ya yi ta faɗa da Faransanci. Ya kira ɗan'uwansa, suka sa sanda suna juya ƙullin. Ni kuwa na ɗauka ɗaure ni za a yi. Kawu ya ɓalli kaɗan ya jefa a baki yana taunawa a gabansu, yana cewa, "Miya! Miya ce, bayin Allah!" Wata mai sayar da ruwa ta yi musu bayani tana dariya. Suka miƙo min jakar da ƙarshen yatsa. A wannan hargitsin silifas ɗina ɗaya ya tsinke, da ƙafa ɗaya a ƙasa na shiga ƙasar mutane.

Daga nan layin wayata ya mutu. Wannan ya fi komai tayar min da hankali. Duk yaron da na gani a bakin titi sai in tuna nawa, ko ya ci, ko ya je bakin kogi.

A Injamena, babban birnin Chadi, muka sauka a unguwar da Hausawa suke da yawa. Gari ne babba, amma komai nasu daban. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ɓawonsa na yanka dasashi. Shayinsu ja ne, ba madara, a ɗan ƙaramin kofin gilas, sukari kamar zai kama haƙori. Mata na tuƙa babur da lafaya a jikinsu ba wanda ya kalle su. Gaisuwarsu kuwa ta fi tamu gajarta, "Afe?" a ce "Afe," shi ke nan an wuce. Ni in na fara ina kwana, ina gajiya, yaya yara, sai in ga an riga an tafi.

A nan Walida ta fara zawo. Na ruɗe, na ce wa Kawu mu koma. Ya ce, "Mun yi nisan da komawa ta fi ci gaba wuya." Matar gidan da muka sauka, wata Hajiya Amina 'yar asalin Haɗeja, ta dafa ruwa ta haɗa na gishiri da sukari, ta hana ni ba ta ruwan randa. Ta ce, "Nono da wannan kawai. In kin isa can kada ki yarda da ruwan da ba ki ga an dafa ba, yara na mutuwa a sansanin nan." Ta faɗa ne don ta taimake ni, amma wallahi da ta bar ƙarshen maganar a cikinta. Muka ɗan jira har cikin yarinyar ya tsaya.

Bas ɗin Abeshe, babban garin da ke kafin Adre, tafiya ce da ba ta ƙarewa. Duwatsu, ƙaya, raƙuma. In an tsaya cin abinci sai a kawo faifai babba, kowa ya sa hannu, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Suna da wata waina sirara kamar takarda mai tsami, kisra suke ce mata, da ita ake dangwalar miya. Tuwonsu kamar namu ne, sai dai miyar ba daddawa, ba ta kama baki. Abin da ya fi ba ni mamaki mata a kan jakuna, su ne ɗebo ruwa, su ne itace, har bulo na ga mata suna bugawa. Na ce wa Kawu, "A Lajawa, can wajenmu, mace ta hau jaki ai sai a yi shekara ana maganarta." Ya ce, "Duba da kyau, mazan nawa kika gani?" Na duba. Kaɗan ne ƙwarai.

Daga Abeshe a bayan a-kori-kura muka ƙarasa Adre, na lulluɓe Walida da zane saboda rana.

Ku da kuke tambaya yaya can ɗin yake: ku ɗauki kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ku shimfiɗa ta har inda ido ya tsaya, amma ba abin sayarwa. Rumfuna na kara da leda da tsofaffin zannuwa. Jarkoki a jere a rana suna jiran ruwa, kowace da igiya ko tsumma don mai ita ya gane ta. Mata da yara, mata da yara. Sai fararen motoci masu dogayen eriya suna wucewa a hankali, a ciki Turawa da baƙaƙe da wasu kamar Indiyawa, kowa da 'yar riga mai aljihu da yawa. Na ce a raina, to ga damuwar da rediyo ke faɗa, ashe mota gare ta.

Kawu ya yi ta tambayar inda Takari suke, haka ake kiran Hausawan Sudan. Aka kai mu wani lungu. Wata mata baƙa, ramammiya, tana tankaɗe a bakin rumfa. Na wuce ta. Sai na ji an ce, "Wannan takun Inna ne." Na juyo. Ita ce. Ba ta yi kuka ba. Ta kama fuskata da hannu biyu, hannun kamar itace, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kin sha hanya. Kawo yarinyar." Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana sako Larabci a ciki. 'Ya'yanta, Zainab mai kamar shekara takwas da Sa'adiyya ƙarama, ba sa jin Hausa sai kaɗan. Da na yi musu miyar kuka da daddawar Inna, suka toshe hanci irin na mai kakin nan. Yaya kuwa ta ci a hankali, ta suɗe kwanon.

Washegari Kawu ya tsuguna a bakin rumfa ya yi mata gaisuwar rashi, ya faɗi saƙon Inna. Ta riga ta fita takaba, babu abin da zai riƙe ta. Ta ce, "To, Kawu. A ɗan kwana biyu." Bayan kwana biyu ta ce rabon abinci ya kusa, a bari a karɓa. Aka karɓa, ta ce Sa'adiyya na tari. Kawu yana kwana a wurin 'yan tireda a kasuwa, kullum ya zo fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ke na kawo don wannan. Ki gano min abin da ke riƙe ta. Uwarku ba ta da lokacin jira." Ni kuma ga Walida, duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi.

Sai na fara lura. Kullum da sassafe Yaya na fita ba jarka ba kwano. Na bi ta. Tana zuwa bakin wani busasshen rafi ne inda kekunan doki ke shigowa daga Sudan da sababbin masu gudu. Ta tsaya nesa, ta ja lafaya ta rufe baki. Ba ta kallon mata, ba ta kallon tsofaffi. In an sauke saurayi sai ta ɗan matsa, ta duba, ta koma. Na kuma ga in ta raba abinci tana zuba wani a ƙaramin kwano ta rufe ta tura bayan buhu. Da la'asar sai ta miƙa wa maƙwabciyarta ta ce ragowa ne. A wurin da ba wanda ke ƙoshi, ragowa daga ina?

Maƙwabciyar, Hajja Hawwa, tsohuwa ce Batakariya, kakanta ne ya taso daga Kano da ƙafa zai je Makka ya tsaya a hanya. Na same ta tana tsefe kai, na ce, "Hajja, Idrisu a ina aka binne shi?"

Ta saki tsifar. "Wa ya ce miki ya mutu?"

Ta ce ita ma ba daga bakin Yaya ta ji ba, daga Zainab ta tsinta. Ranar da suka gudo, bayan an harbe uban a ƙofar shagonsa, masu bindiga sun tare hanya. Suna ware maza da samari gefe. Wasu a nan aka ƙare su. Wasu aka loda a mota. Idrisu yana cikin na mota, da ransa, yana waiwaye.

Na ce, "To masu fararen motocin nan ba sa neman mutane?"

"Suna yi. Akwai tantin da ake faɗin abin da aka yi wa mutum, su rubuta, in akwai wanda ya ɓace su miƙa sunansa a bi gidajen yari da sauran sansani. Ta je. Ni na raka ta. Ta faɗi na mijinta, ta nuna katinsa. Ta faɗi na 'ya'yan maƙwabta, kowa da sunansa da sunan ubansa. Da matar da ke rubutawa ta ce, a cikin naki 'ya'yan akwai wanda babu? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, ga biyu nan a rumfa."

"Ba ta faɗa ba?"

"Ɗan fari ne, 'yar nan. Ke ba Bahaushiya ba ce?"

Kun san abin. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi ciwo sai dai ta sa wata ta duba shi. Mu na yanzu mun ɗan sassauta, ni kaina Inna ta sha yi min faɗa don na ɗauki babban yarona a cinya a gidan biki. Amma Yaya ta bar gida tun da daɗewa, ta tafi da al'adar yadda ta same ta, ta riƙe ta a can da ƙarfi fiye da mu da muke zaune a kanta. Tafintan da ke tantin kuwa Balarabe ne, ina zai san wannan? An tambaye ta, ta ba da amsa, aka wuce. Watanni ke nan ba wanda ke neman yaron a duniya sai ita, da ido, a bakin rafi.

Na same ta tana wanke wa Sa'adiyya riga da ɗan ruwan da bai cika kofi biyu ba. Na ce, "Yaya, Idrisu na da rai."

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba. "Miƙo min sabulun can."

"Yaya, kin bar mu mun yi masa addu'ar mamaci."

"Ban ce muku ya mutu ba."

"Ba ki ce komai ba! Kin je gaban masu nema kin lissafa 'ya'yan mutane kin bar naki."

"Ke Hadiza, ki iya bakinki. A gaban wani ƙato baƙo zan buɗe baki in ce ɗana, ɗana? Haka Inna ta koya miki?"

"Kunya a nan? Dubi inda muke. Ƙofa ma babu."

Ta matse rigar har sai da na ji zaren na ƙara. Ta ce a hankali, "Sun ƙone gidan. Sun kwashe kekunan ɗinki. Ɗankunnen da ke kunnena da hannu aka fizge. Abin da na fito da shi daga garin nan ke nan, shi ma in ajiye?" Sannan ta ƙara, "Kuma duk wanda na faɗi sunansa a tantin nan, mamaci ne."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Walida ta rarrafa ta kama gefen lafayarta. Can na ce, "Ni ba ɗan farina ba ne. Ni gwaggo ce ko inna, duk yadda za a kira ni. Bakina ba a ɗaure yake ba. Ki zo ki zauna kawai."

Ba ta ce to ba. Amma da safe na ga ta sa lafayarta mai ɗan kyau.

Mun daɗe a layi kafin a shiga da mu. Matar da ke ɗaukar bayani Baturiya ce, ba yarinya ba, rana ta ƙona mata hanci har yana saɓa. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma kamar mu, ta sa aka ba Walida biskit. Magana sai ta bi ta baki uku: in faɗa da Hausa, Hajja Hawwa ta mayar Larabci, tafinta ya mayar mata da nata yaren. Na ce, "Wannan matar tana da ɗa namiji, sunansa Idrisu, an tafi da shi a mota da ransa." Na ji sunan yana tafiya daga baki zuwa baki har ya isa kan takarda. Baturiyar ta duba abin da aka rubuta a zuwan farko, ta dubi Yaya, ta tambayi me ya sa ba a faɗa ba. Hajja ta yi bayani. Matar ta ajiye biro, ta dafe goshi. Tafinta ya ce, "Ta ce a yafe mata, ba ta san yadda za ta tambaya ba. Ta ce ko akwai wasu matan irin haka a lungunku?" Hajja ta ce, "Akwai."

Sai aka zo inda na kasa. Tsawonsa? Kamanninsa? Wace riga ce a jikinsa? Ban taɓa ganin yaron nan ba ko a hoto. Na juya na kalli Yaya. Ta juya mana gefe, tana kallon ledar tanti. Tafinta ya fara gyara zama.

Sai ta ce, da Hausa, ba da Larabcin da za su ji kai tsaye ba, "Ki ce mata ya fi Kawu tsawo kaɗan."

Na faɗa.

"Ki ce mata bahago ne. Akwai tabon ƙuna a cikin hannun dama, nan, dutsen guga ne tun yana rarrafe. Haƙorinsa na sama ɗaya ya ɗan karye a gefe. In ya tsorata yana in'ina, kada su ɗauka ƙarya yake. Rigar ruwan toka ce, aljihun an sake ɗinke shi da baƙin zare don farin ya ƙare. Ƙafarsa ta hagu ƙaramin yatsa ba farce." Ta ƙara da cewa, "Ki ce mata ba ya cin abu mai gyaɗa, jikinsa na kumbura. In sun same shi su faɗa wa masu tsaronsa."

Ni ina maimaitawa hawaye na zuba. Yaya kuwa idonta a bushe. Yaron da ba ta taɓa kallo a gaban mutane ba.

Baturiyar ba ta yi mana ƙarya ba, wannan zan faɗa. Ta ce za a miƙa sunan. Ta ce akwai wuraren da ba a barinsu su shiga, akwai waɗanda ake samu, akwai waɗanda ba a samu. Ta ce abin da aka rubuta ana tara shi ne don wata rana a tuhumi waɗanda suka yi, amma ba ta san ranar ba. Na tambaya ko za a iya kiranmu a Najeriya in an ji labari. Ta ce ƙwarai, ta karɓi lambar maigidana da ta Kawu.

Na fito da sauƙi a ƙirjina. Na ce shi ke nan, an ɗauke mata kayan, yanzu za ta taso. Har na aika wa Kawu ya nemi mota.

Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. "Da can ba wanda ke nemansa, ina tsaye. Yanzu da ake nemansa zan tafi? In sun sako shi nan za su kawo shi. Ya sauko daga keken doki ya duba bai ga kowa ba?"

"Za su kira mu a waya, Yaya."

"Waya za ta ba shi ruwa?"

"Inna fa? Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Ta ce tun tana gani."

Ta ce, "Inna za ta gane."

Kawu ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ce zai bar garin bai yafe ba, sannan ya dawo ya ce ya yafe. Ba ta motsa ba. A ƙarshe ta ce mu tafi da Zainab, ta shiga makaranta, ta riƙa miƙa wa Inna ruwa. Sa'adiyya ta yi ƙanƙanta, za ta zauna. Kawu ya yi ta zirga-zirga har aka ba mu takardar yarinyar. Ranar tafiya Yaya ta yi wa Zainab kitso, ta raka mu har inda motoci ke tsayawa. Na bar mata sauran daddawar. Motar ba ta gama juyawa ba na hango ta ta nufi wajen rafin.

Dawowa ba zan ba ku labarinta ba, hanyar ce dai a juye, sai yarinya da ke kuka da yaren da ban iya lallashi da shi ba.

Mun isa Darki da hantsi. An fito da Inna tsakar gida a kan tabarma. Ta dube ni, ta dubi Kawu, ta dubi Zainab, sannan ta dubi zaure a bayanmu, ta daɗe tana kallonsa. Ba wanda ya shigo. Ta ce, "Sannunku da hanya." Ta tambayi cikin Walida. Ta tambayi ƙafar Kawu. Ta tambaya ko an yi ruwa a can, ko gero suke ci ko dawa. Ta jawo Zainab ta shafa kitson kanta, layi bayan layi, da yatsa. Matan gida duk sun yi cirko-cirko suna jira ta tambayi abin da ta aike mu, ni ma ina jira. Yaya Binta ita ce ta farinta.

Sai da kowa ya watse, na durƙusa ina shafa mata man zafi a ƙafa. Na ba ta labarin duka ba tare da ta nema ba, rafin, kwanon, tantin. Tana ji tana kallon bango. Da na gama ta ce, "Mai kitson nan, hannunta bai mutu ba." Can kuma ta ce, "Tana cin abinci?"

Na ce tana ci.

Ta ce, "To. Ɗaya ƙafar."